Baba yana so ya yi wasiyya, Yaya ya ce fatan mutuwa nake masa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 34. Ummanmu ta rasu shekara 2 da suka wuce, rasuwar fuju'a: da safe mun yi waya da ita, bayan la'asar aka kai ta. Har yau ban dawo daidai ba. Ina cikin girki sai kuka ya zo mini, Gwaggo kuwa kullum cewa take hawayena azaba ne ga Umma. Bayan rasuwar wata mata ta zo ta ce tana bin Umma kuɗin adashi, ba mu da hanyar gane gaskiya, har yau maganar tana nan, kayan Umma ma ba a raba ba. Yanzu kuma Baba ne ba lafiya. Ya haura 70, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a sati, ni nake kai shi. Mu tara ne a raye, biyu ƙanana ne a ɗakin Hajiya, matarsa. Wani yayanmu ya rasu ya bar yara uku. Baba yana yawan ce mini in ɗauko takarda da biro, akwai abin da zai faɗa. Da na gaya wa babban yayanmu, wanda yake riƙe da shago, sai ya hau ni da faɗa, wai fatan mutuwa nake wa Baba, gado nake hange. Shi ma in Baba ya fara maganar sai ya ce, "Haba Baba, ka daina, za ka warke." Anti, in rubuta ko in bari? Kuma kukan nan nawa laifi ne?

Wata baiwar Allah daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Umma, ya haskaka kabarinta. Baba kuma Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ki ɗauko takardar. Sai dai ba ke kaɗai za ki zauna da shi ba, kuma ba a ɓoye ba, zan zo kan wannan.

Mutumin da ya yi shekaru aru-aru yana ciniki a Kwari, in ya ce a kawo biro, ya san abin da yake nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk sanda ya buɗe baki aka ce masa "ka daina, za ka warke", gani muke kamar lallashinsa ake yi, alhali kanmu muke lallashi. Mu ne ba mu so mu ji. Shi kuwa an bar shi da kayansa a kai, kowa ya tafi ya kwanta, shi yana kallon rufi yana lissafin wanda yake binsa da wanda ya ba shi ajiya. Majinyaci yana iya jure allura da ƙishirwa, amma a hana shi faɗin abin da ke cin ransa, wannan wata cutar ce ta daban, kuma 'ya'yansa ne suka ɗora masa ita da sunan ƙauna.

Batun cewa wasiyya tana kiran mutuwa camfi ne, ba shi da tushe a addini. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ibn Umar ya ce tun da ya ji wannan magana bai ƙara kwana ba tare da tasa ba, kuma ya rayu har ya haura shekara 80. Ga kuma Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, wanda ciwo ya kwantar a Makka a shekarar Hajjin Bankwana har ya fid da rai. A lokacin 'ya ɗaya gare shi. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi ya ce a'a. Ya ce rabi, aka ce a'a. Ya ce sulusi, aka ce to sulusi, sulusin ma da yawa, gara ka bar magadanka a wadace da ka bar su suna roƙon mutane. Ki lura, ba a ce masa ya daina maganar ba, zama aka yi aka yi lissafi da shi. Sa'ad ya tashi daga wannan ciwo, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya ƙara sama da shekara 40 a duniya. Wannan labarin za ki ba Yaya.

Ina kyautata zaton abin da ya fi damun Baba bashi ne, ba rabon gida ba. Kowa ya san yadda harka take a Kwari: a ɗauki dila a ce sai an sayar, mai saro kaya daga Nijar ko Chadi ko Kamaru ya tafi da atamfa da shadda a kan yarda, wani ya kawo kuɗinsa ya ce Alhaji riƙe mini, wani ya sa jari a juya masa. Da yawa daga ciki ba a rubuce suke ba, wanda aka rubuta ma cikin wani tsohon littafi ne da mai shi kaɗai yake gane rubutunsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa masa shaidu. An taɓa kawo gawa Annabi ya tambaya ko ana binta bashi, da aka ce e ya ce sahabbai su yi wa ɗan'uwansu salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace ta. Dattijon da ya san wannan ba zai samu barci ba. Ku kuma kun riga kun ɗanɗana a kan Umma: mace ta zo da da'awa, ba ku iya gaskata ta ba, ba ku iya ƙaryata ta ba. Na Umma adashi ɗaya ne. Na Baba kasuwa ce guda.

Don haka shafin farko na takardar jerin suna ne da adadi: waɗanda suke binsa, waɗanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, tasa da ke hannun wasu, zakkar da bai kammala fitarwa ba in akwai. A tambaye shi ko akwai ragowar sadakin Hajiya, ko kuɗinta ko na Umma da ya shiga cikin jari. Wannan na ƙarshen a kafa masa shaidu da kyau, domin iƙirarin bashi da majinyaci ya yi wa wanda zai gaje shi abu ne da alƙali kan duba da idon tuhuma. Duk abin da za a iya biya yanzu, a biya yanzu, Baba yana gani. A kuma fayyace matsayin Yaya a shagon: yaron shago ne mai albashi, ko yana da hannun jari? In yana da nasa a ciki, nawa ne? Wannan tambaya ta raba gidaje fiye da yadda kike zato, kuma Baba kaɗai ne zai amsa ta a yarda.

Sai kuma a gane iyakar wasiyya, don kada a rubuta abin da kotu za ta soke. Baba ba shi da ikon cewa gidan nan na wane ne, shago na wane, a cikin magadansa. Rabon gado Allah ya riga ya yi shi a Suratun Nisa'i, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Tsarin shi ne a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage ba, sannan a raba. Hajiya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, saura kuma naku ne, namiji rabon mata biyu.

Inda wasiyyar za ta yi aikin da babu mai iya yi in ba ita ba, shi ne a kan marayun marigayi yayanku. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke bi, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar kakan ya bar ɗa namiji. Wato in Baba ya rasu bai ce komai ba, yaran nan uku ba su da ko sisi, sai abin da baffanninsu suka ga dama. Ƙasar Masar ta ga wannan matsala tun 1946 ta yi doka da ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wani kaso daga cikin sulusi. Mu a nan babu wannan, sai kakan ya faɗa da bakinsa. Ba zan yi mamaki ba in har wannan yana cikin abin da Baba yake ta ƙoƙarin furtawa ana katse shi. Duk wanda ya rufe masa baki, ya sani haƙƙin marayu yake wasa da shi. Haka nan yana da damar naɗa wasiyyi, mutum mai amana da zai kula da rabon ƙannenku biyu har su yi hankalin riƙe dukiya.

Wata ƙila ya ce zai ba wani daga cikinku kyautar fili ko gida tun yana raye. A nan a yi hattara. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma ko da lafiya aka yi ta, a Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon da zai tafi da shi. Ko halin da Baba yake ciki ya kai wannan matsayi ko bai kai ba, malamin da ya san gado ne zai tantance, ba ni ba, ba Yaya ba. In kuma akwai kyautar da ya yi tun da daɗewa, ya faɗe ta a gaban shaidu a rubuta.

Kayan Umma kuwa, ku raba su yanzu. Na san dalilin jinkirin: babu mai zuciyar buɗe akwatinta. Amma Baba yana da rubu'i a dukiyarta, kuma in ya rasu ba a raba ba, wannan rubu'in zai shiga cikin tasa dukiyar, Hajiya da 'ya'yanta su samu haƙƙi a cikin sarƙar mahaifiyarki da kwanukanta. Gado a kan gado kenan, daga nan ake fara jin "ai na uwarmu ne". Kafin rabon ku kira matar adashin. Ku nemo uwar adashi da sauran waɗanda suke zubi, da wuya a rasa wanda ya san zancen. In ta tabbata ku biya daga dukiyar Umma. In ba ta tabbata ba, abin kuma bai fi ƙarfinku ba, ni dai da ni ce sai in biya daga aljihuna in huta, amma wannan zaɓi ne, ba dole ba.

Yanzu batun Yaya. Kada ki yi saurin yanke cewa wani abu yake ɓoyewa. Mai yiwuwa ne, amma abin da ya fi yawa shi ne tsoro. Shi ma uwa ya rasa, kuma namiji a garin nan ba a ba shi filin kuka, tun ranar jana'iza ake ce masa "kai ne babba, ka daure". Irin wannan baƙin cikin yakan fito ta hanyar faɗa. Sai dai ko mene ne dalilinsa, ba shi da hurumin hana mahaifinsa magana. Kuma maganar da ya jefe ki da ita ta nuna miki abu guda: in kika kulle ɗaki ke da Baba kika fito da takarda, ko gaskiya zalla ce a ciki, za a ce ke kika tsara. Ke magajiya ce, bai dace ki zama marubuciya kuma shaida ba.

Abin yi shi ne ki koma wurin Baba ki ce, "Baba, na ji, kuma za a rubuta. Wa kake so a kira?" Shi zai aika, ba ke ba. Baffanku in yana nan, amininsa na kasuwa, limamin unguwa ko wani malami da ya san ilimin gado. Kiran uba ne, Yaya ba zai ƙi zuwa ba, kuma abin da ba zai ji daga bakin ƙanwarsa ba zai ji daga bakin liman. A sa Hajiya a ciki, kada ta ji daga baya. A zaɓi ranar da Baba yake da ƙarfi, ba ranar wanki ba, don a ranar jiki a mace yake dawowa. A rubuta da Hausa ko ajami ko duk abin da yake karantawa, a karanta masa, ya sa hannu, shaidu biyu adalai waɗanda ba magada ba su sa nasu, a sa kwanan wata. Takarda ba shaidu gardama take jawowa. A ɗauki bidiyo da waya in ya yarda, a yi kwafi a ba mutum biyu ko uku. Ku gaya masa kuma wasiyya ba ƙulli ba ce, yana iya sauya ta duk ranar da ya so.

A wannan zaman a tattara takardu wuri guda: na gidaje da filaye, ko shaidar mallaka ta gwamnati ce ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, na shago, da sunayen bankunan da yake ajiya har da na cikin waya. Mutane da yawa suna zaton sunan da aka cike a fom ɗin banki a gurbin ɗan'uwa mafi kusa shi ne mai kuɗin in an rasu. Ba haka ba ne. Banki zai nemi shaidar rasuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa, da takardar kotu, sannan kuɗin ya shiga rabo. Wanda kuma ya san lambar katin mamaci ya je ya riƙa cira bayan rasuwa, dukiyar magada yake ci, a cikinsu har da yara ƙanana.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, ita kuma ke ce kika fi dacewa da yi masa, tunda ke kike zama da shi a asibiti. In jiki ya ƙara tsanani, me yake so? A sayar da gida a fita da shi Indiya ko Masar, ko a ci gaba da abin da ake yi a nan? A asibiti yake so a yi jinyarsa ko a ɗakinsa? Wa zai yanke shawara in shi ba ya iya magana? Ku shiga wurin likitansa tare ku yi tambaya kai tsaye: ina aka dosa, me za a iya yi, me ba za a iya ba, kuma me ake bayarwa don rage raɗaɗi. Mutane suna shekaru a kan wankin ƙoda, cuta ba mutuwa ba ce. Amma na ga gidajen da aka karyar da komai a makon ƙarshe saboda kowane ɗa yana tsoron a ce shi ne ya yi rowa, alhali da an tambayi mai jikin da ya ce a bar wa yara gidan.

Sauran kukanki. Ba laifi ba ne, kuma ba ya ƙona Umma. Gwaggo ta ji wani hadisi ne da ya ce ana azabtar da mamaci da kukan iyalinsa. Nana A'isha da aka kawo mata wannan magana ta karanta ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, malamai kuma suka fassara hadisin a kan kururuwa da marin fuska da yage tufafi, musamman in mamacin ne ya yi umarni da a yi masa. Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wanda ya fi kusa da halinki ma: mahaifiyar Annabi ta rasu yana ɗan shekara 6, ya ziyarci kabarinta yana babban mutum ya yi kuka har na kusa da shi suka kama kuka. Kwana ukun da aka iyakance na zaman makoki ne da barin ado. Ba a sa wa zuciya wa'adi ba. Ki gaya wa Gwaggo haka cikin ladabi, ko ki bar ta, amma ki sauke wannan daga ranki.

Rasuwar fuju'a tana da nata ciwon, domin ba a yi sallama ba, ba a nemi gafara ba. Ina ganin shi ya sa maganar Baba take razana ki kuma take jan ki a lokaci guda: abin da ba ki samu da Umma ba ne ake miƙo miki. Ki karɓa. In ya gama lissafin bashi, zai yiwu ya shiga labarin ƙuruciyarsa, ko yadda ya auri Umma, ko ya nemi ku yafe masa. Kada ki ce "haba Baba". Ki ce kin yafe, ki nemi tasa yafiyar, in hawaye ya zo ki bar shi ya zo.

Abu ɗaya nake so ki sa wa ido. Kukan da yake zuwa ya wuce, ki share ido ki ƙarasa girkinki, wannan kewa ce. Amma in barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kin kasa kula da yara, kin daina shiga mutane, ko kina jin gara ki bi ta, to ya zama abin ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin rashi mai tsawo da ke hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin cututtukan da ta fara aiki da shi a 2022, kuma ana maganinsa. A Kano akwai asibitin Dawanau, manyan asibitoci ma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ki gaya wa maigidanki halin da kike ciki a fili, kada ki bar shi yana hasashe.

Jinyar ma a raba ta. Ku tara ne, bakwai manya, bai kamata a ce mutum ɗaya ce take kai Baba wanki sau biyu a kowane sati ba. A zaman da za a yi, ki roƙi Baffa ya tsara kwanaki, a sa Yaya a ciki. Awa huɗu a gefen gadon mahaifinsa za su nuna masa abin da bakinki ba zai iya ba.

Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya haɗa kanku.